Wanda Ya Naɗa Shi Ke Tuɓewa: Masu Gabatar da Ƙara da Fadar Shugaban Ƙasa a Jamhuriyar Benin

A ƙarshen shekarar 2018, sa'ad da ƙurar hunturu ta gangaro daga arewa ta rufe sararin Kwatano, wanda duk ya ratsa unguwar Zango da hantsi, tun daga bakin babban masallaci har ya ɓulla wajen 'yan canji da masu lodin motoci a Jonquet, ko ya karkata ta kasuwar gwanjo ta Missèbo, da wuya ya wuce rumfa biyu ko uku bai tarar da rediyo na magana da Faransanci ba, mutane sun yi masa zobe, wanda ya yi boko a cikinsu yana juya wa sauran abin da ake faɗi da Hausa ko Zabarmanci ko Yarabanci. Abin da ake saurare shi ne shari'ar kamfanin ICC Services, wadda aka buɗe ranar 17 ga Disamba a birnin Porto-Novo, gidan rediyon ƙasa kuma yana watsa ta kai tsaye.

Dalilin wannan kasa kunne ba ɓoyayye ba ne, domin kuwa a tsakanin Zango da kasuwar Dantokpa, inda jarin mutum ke kwana a aljihunsa, adashi kuma ya fi banki kusa da zuciya, ba a rasa wanda kuɗinsa, ko na matarsa, ko na ubangidansa, suka nutse a hannun wannan kamfani.

Amma a cikin waɗanda suka tsaya gaban kotu suna bayani a waɗannan makonni akwai wani mutum wanda a da shi ne ke tsayar da wasu, wato Georges Constant Amoussou, tsohon babban mai gabatar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano, wanda aka tuɓe aka kulle a shekarar 2010. Labarinsa, da na wasu takwarorinsa da suka biyo baya, shi ne ya sa tambayar da a wasu ƙasashe malaman doka kaɗai ke yi ta zama tambayar mahauci da dillalin raguna: wa ke da ikon sauke lauyan gwamnati daga kujerarsa, bisa wane dalili, kuma wa zai tambayi wanda ya sauke shi?

Kuɗin da suka nutse

Kamfanin ICC Services ya yi wasu shekaru yana karɓar ajiyar mutane bisa alkawarin ribar da hankali ba ya ɗauka, wadda ake cewa tana kaiwa ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu na uwar kuɗi a shekara, alhali ba shi da izinin yin aikin banki, abin da yake yi kawai shi ne ya biya na farko da kuɗin na baya. Da asiri ya tonu a tsakiyar 2010, aka ƙiyasta cewa mutanen da abin ya shafa sun kai kimanin 150,000, kuɗin kuwa sun kai sefa biliyan 150 ko fiye, a ƙasar da wannan adadi ya zama babban kaso na dukiyarta baki ɗaya.

Fushin jama'a ya nufi fadar shugaban ƙasa Boni Yayi, saboda an sha ganin shugabannin kamfanin a wuraren hukuma, har ana ganin kamar gwamnati ce ta tsaya musu. A watan Yuli na wannan shekara aka sallami ministan harkokin cikin gida, Armand Zinzindohoué, aka kuma tuɓe Amoussou aka tsare shi, bisa zargin cewa ya yi wa kamfanin rufa-rufa maimakon ya gurfanar da shi. Shi kuwa ya musanta, ya dage a kan cewa an yi hadaya da shi ne domin a kare na sama da shi, kuma bai sauya wannan magana ba har ranar da ya maimaita ta a gaban kotu bayan shekara takwas. A nasu ɓangaren 'yan majalisar dokoki kimanin 50 daga cikin 83 sun sa hannu a takardar neman a gurfanar da shugaban ƙasar kansa, abin bai kai ko'ina ba, a watan Maris na 2011 ma ya sake cin zaɓe tun a zagayen farko.

Ba aikin wannan rahoto ba ne ya wanke Amoussou ko ya ɗora masa laifi. Abin lura shi ne, wanda ya sauke shi yana cikin waɗanda jama'a ke tuhuma a kan al'amarin, saboda haka ko da saukewar ta kasance bisa haƙƙi tsantsa, babu yadda za a yi ta kuɓuta daga shubuha. A farkon 2019 kotu ta ɗaure manyan kamfanin shekara goma-goma, mafi yawan masu ajiya kuwa ba su ga kuɗinsu ba.

Yadda doka ta tsara al'amarin

Mai karatu na Kano ko Zariya, wanda ya saba da tsarin da Ingila ta bari, yana bukatar ɗan bayani a nan, domin Benin, kamar Nijar, tsarin Faransa ta gada. A wannan tsari alƙali da mai gabatar da ƙara 'yan gida ɗaya ne, horo ɗaya suke samu, kuma mutum yakan yi wasu shekaru a wannan kujera a mayar da shi waccan. Sai dai kundin tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990, wanda ya biyo bayan babban taron ƙasa na watan Fabrairun wannan shekara, ya ba alƙalin da ke yanke hukunci kariyar cewa ba a gusar da shi daga kujerarsa yadda aka ga dama, bai kuwa ba mai gabatar da ƙara irin wannan kariya ba. Shi yana ƙarƙashin manyansa ne, su kuma suna ƙarƙashin ministan shari'a, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa ya sauke. Doka ta yarje masa ya faɗi ra'ayinsa da baki a zauren kotu, amma abin da zai rubuta a takarda dole ya bi umarnin da ya zo daga sama.

Shugaban ƙasa ne ke naɗa su duka, bisa gabatarwar ministan shari'a, bayan an ji ra'ayin Majalisar Ƙoli ta Alƙalai. Wannan majalisa ita ce kuma ke ladabtar da wanda ya yi laifi a cikinsu, har ta iya korarsa daga aikin gaba ɗaya. Shugaban wannan majalisa kuwa, bisa tsarin da aka bi tun daga wancan zamani, shi ne shugaban ƙasa.

Galibi ma ba a cewa an tuɓe wani. Ranar Laraba majalisar ministoci takan zauna, a ƙarshen sanarwarta a jero sunayen waɗanda aka naɗa, sai mutum ya ji an ambaci wani a kujerar da yake zaune, shi kuma an kira shi zuwa wani aiki a ma'aikata ko wata kotu mai nisa. Ba a tuhume shi ba balle ya kare kansa, ba a yabe shi ba balle a san ƙarin girma ne.

Ikon da ke hannun wannan ma'aikaci kuwa ba ƙarami ba ne. Shi ke duba ƙarar da ta zo daga hannun 'yan sanda ya ce a ci gaba da ita ko a rufe fayil. Shi ake kai wa wanda aka tsare bayan awa 48 domin a ƙara wa'adin tsarewar, wanda a wasu laifuffuka yana iya kaiwa kwana takwas. Shi ke zaɓen sunan da za a sa wa laifi, kuma sunan nan shi ke nuna ko ƙaramar kotu za a je ko babba. Wanda ya mallaki naɗin irin wannan mutum da tuɓe shi ya mallaki ƙofar shari'a, ko da bai taɓa shiga zaurenta ba.

Shari'ar guba

A watan Oktoba na 2012 mai gabatar da ƙara na kotun Kwatano, Justin Gbènamèto, ya fito ya shaida wa duniya cewa an bankaɗo makircin kashe shugaba Boni Yayi ta hanyar musanya masa magunguna da guba, cewa an kama likitansa da wata 'yar ɗan'uwansa da wani tsohon minista, cewa kuma wanda ake zargi da kitsa abin shi ne attajirin auduga Patrice Talon, wanda a lokacin ya riga ya fice zuwa Faransa. Talon shi ne ya taimaka wa Yayi da dukiyarsa ya hau mulki, kafin su ɓata.

Alƙalin bincike da aka damƙa wa fayil ɗin, Angelo Houssou, ya yanke ranar 17 ga Mayu 2013 cewa babu abin da ya isa a gurfanar da kowa a kansa. A wannan rana aka tare shi a kan iyakar Sèmè-Kraké yana shirin tsallakawa Nijeriya, aka komo da shi, jami'an tsaro suka kafa ido a gidansa, har daga baya a ƙarshen shekarar ya samu ya sulale zuwa Amurka. Kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta goyi bayan hukuncinsa a watan Yuli, wata kotu a Paris ta ƙi miƙa Talon a watan Disamba, a watan Mayu na 2014 kuma Yayi ya ba da sanarwar ya yafe.

A tsakiyar wannan rugujewar shari'a ne ƙaddara ta juyo kan wanda ya buɗe ta. Aka janye Gbènamèto daga kujerarsa, a farkon 2014 kuma Majalisar Ƙoli ta Alƙalai ta kore shi daga aikin baki ɗaya, bisa tuhumar da ta shafi asalin wata dukiya tasa. Ƙungiyar alƙalai ta ƙasa, UNAMAB, wadda Michel Adjaka ke jagoranta a lokacin, ta ɗauki korar a matsayin ramuwar gayya, ta sa ta cikin abubuwan da take yajin aiki a kansu. Masu goyon bayan gwamnati suka ce rashawa rashawa ce, ko a hannun wa aka same ta. Bayan mulki ya sauya hannu aka dawo da mutumin bakin aiki.

To, a nan ne mai hankali zai tsaya ya yi nazari. Idan korar ta kasance bisa hujja, mene ne ya soke hujjar da gwamnati ta sauya? Idan kuwa zalunci ce, wa aka hukunta a kanta? Babu ɗaya daga cikin tambayoyin nan da aka warware wa jama'a warwarewar da za ta kwantar da rai, sai aka bar kowa da zatonsa, zato kuwa, kamar yadda malamai ke faɗa, ba ya wadatarwa daga gaskiya. Darasin da sauran masu gabatar da ƙara suka ɗauka ba mai wuyar karantawa ba ne, domin Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ganina wannan ita ce babbar ɓarnar tuɓewar siyasa: mutum ɗaya ake saukewa, amma sauran da suka rage a kan kujerunsu su ne ke soma auna kowane fayil da ma'aunin abin da fada ke so, tun ba a ce musu komai ba.

Zamanin wanda aka taɓa tuhuma

Da Patrice Talon ya karɓi mulki ranar 6 ga Afrilu 2016, mutane da yawa sun kyautata zaton cewa wanda ƙarfin halin alƙali ya kuɓutar shi ne zai fi kowa ɗaure wa 'yancin shari'a gindi, musamman da yake ya yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin rage ikon shugaban ƙasa. Gyaran tsarin mulkin da ya kai majalisa a watan Afrilun 2017 bai samu ƙuri'un da ake bukata ba. Abin da ya biyo baya kuwa ya bi wata hanya dabam.

A shekarar 2018 aka sake fasalin Majalisar Ƙoli ta Alƙalai, aka ƙara mata ministoci da mutanen waje waɗanda ba alƙalai ba, aka kuma zartar da dokar hana ma'aikatan shari'a yajin aiki. Kotun tsarin mulki ƙarƙashin Théodore Holo ta yi watsi da hanin yajin aikin a watan Janairu. A watan Yuni, bayan Joseph Djogbénou ya karɓi shugabancin kotun, ta juya ta amince da shi. Djogbénou lauyan Talon ne a da, sa'an nan ministan shari'arsa daga 2016, wanda ya gaje shi a ma'aikatar, Séverin Quenum, shi ma daga cikin lauyoyin Talon ya fito. Babu dokar da ta haramta wannan, amma mai kallo daga nesa yana da uzuri in ya yi tambaya.

A watan Yuli na 2018 aka kafa kotu ta musamman mai hukunta laifuffukan tattalin arziki da ta'addanci, wadda kowa ya sani da CRIET, da nata mai gabatar da ƙara na musamman. Gilbert Togbonon ne ya fara riƙe kujerar, kafin zaɓen 2021 kuma Mario Mètonou ya karɓa. Ita ce ta yi shari'ar ICC Services. Ita ce kuma, a watan Oktoba na 2018, ta yanke wa attajiri Sébastien Ajavon, wanda ya zo na uku a zaɓen 2016, ɗaurin shekara 20 ba ya nan, a kan hodar iblis mai nauyin kilo 18 da aka ce an samu a wata kwantenar kamfaninsa, alhali kotun Kwatano ta riga ta sallame shi a kan wannan magana a watan Nuwamba na 2016. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Arusha ta ba Ajavon gaskiya a watan Maris na 2019, a hukunce-hukuncen da ta yanke daga baya kuma ta soki rinjayen gwamnati a Majalisar Ƙoli ta Alƙalai. A 2020 Benin ta janye izinin da ta ba 'yan ƙasa na kai ƙara kai tsaye gaban wannan kotu.

Sai kuma abin da ya faru a watan Afrilu na 2021, ana dab da zaɓen shugaban ƙasa, lokacin da wani alƙalin CRIET, Essowé Batamoussi, ya ajiye aiki ya bar ƙasar, ya shaida wa rediyon RFI cewa umarni na zuwa musu daga ma'aikatar shari'a, ya kafa misali da tsare Reckya Madougou, tsohuwar ministar shari'a wadda ta nemi tsayawa takara aka kama ta a watan Maris. Minista Quenum ya ce maganar makircin siyasa ce. A watan Disamba kotun ta ɗaure Madougou shekara 20, ta ɗaure malamin doka Joël Aïvo shekara 10.

Abin mamaki a zamanin Talon shi ne, ba a cika jin hayaniyar korar mai gabatar da ƙara irin ta zamanin Yayi ba. Masu yabo suna cewa alamar natsuwa ce. Masu suka suna cewa inda aka iya zaɓe tun wajen naɗi, aka kuma rufe bakin ƙungiya, ba a bukatar kora.

Hujjar masu mulki

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta wofi ba ce. Suna cewa kafin 2016 kotuna sun zama wurin da fayil ke tsufa, yajin aiki yakan rufe su makonni, mai kuɗi kuma ba ya tsoron sammaci. Cewa CRIET ta taɓa waɗanda ba a taɓawa a da, daga masu safarar jabun magunguna zuwa 'yan damfarar intanet. Cewa ba ta bar na gida ba, tun da ta hukunta Modeste Toboula, wanda ya riƙe lardin da Kwatano ke ciki, a 2019, a watan Janairun 2025 kuma ta ɗaure Olivier Boko, aminin Talon na kusa, shekara 20 a kan yunƙurin juyin mulki. Cewa kuma a 2020 an ƙara mata sashen ɗaukaka ƙara wanda da babu.

Suna da wata hujja ma da ta fi waɗannan zurfi, cewa mai gabatar da ƙara da sunan al'umma yake magana, al'umma kuwa gwamnati ta zaɓa ba shi ba, don haka in aka ce babu mai iya taɓa shi, an ƙirƙiri wani sarki ke nan wanda ba a zaɓa ba kuma ba a iya saukewa. Wannan gaskiya ne, kuma wanda ya taɓa ganin ma'aikacin shari'a mai cin hanci ba zai so a ce ba shi da mai tsawata masa ba. Sai dai hujjar tana tabbatar da halaccin tuɓewa ne kawai, ba ta tabbatar da halaccin yin ta a ɓoye ba, ba ta kuma amsa matsalar ranar da fayil ɗin da ke kan tebur ya shafi mai tuɓewar da kansa ba.

Abin da fuƙaha'u suka riga suka tattauna

Malaman zaure na Zango, waɗanda ke karantar da Muhtasar na Shaihu Halil kamar yadda ake yi a Katsina da Sakkwato, ba baƙi ba ne ga wannan mas'ala, ko da yake tsarin shari'ar Musulunci na da bai san muƙamin mai gabatar da ƙara yadda yake a yau ba, mudda'i ne ke kawo da'awarsa da bayyinarsa, muhtasibi da mai duba mazalim kuma suna riƙe da wani sashe na aikin. Amma a babin alƙalanci malaman Malikiyya sun yi maganar tuɓe alƙali filla-filla, suka halatta wa shugaba ya yi haka saboda maslaha, suka ce bai kamata ya tuɓe wanda ya shahara da adalci don ƙorafi kawai ba, suka kuma ɗora masa cewa in ya sauke mutum ba don laifi ba, to ya barrantar da shi a bainar jama'a.

Asalin wannan yana cikin aikin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya sauke manyan sahabbai daga wilaya, irin su Halid ɗan Walid da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, amma ya bayyana cewa ba don ha'inci ya sauke su ba. Al-Mawardi kuma ya tabbatar da cewa mutuwar shugaba ba ta tuɓe alƙalansa, domin wilayarsu ta al'umma ce ba ta jikinsa ba. Waɗannan ƙa'idoji biyu, bayyana dalili da raba muƙami da mutumin da ya yi naɗin, su ne daidai abin da aka rasa a labarin Amoussou da na Gbènamèto.

Ba Benin kaɗai ba

A Nijeriya sashe na 174 na tsarin mulkin 1999 ya ba babban lauyan tarayya, wanda shi ne kuma ministan shari'a, ikon ya karɓe kowace ƙarar laifi ta tarayya ko ya janye ta. Tarihin hukumar yaƙi da rashawa ta EFCC kuwa sananne ne: an tura Nuhu Ribadu kwas a Kuru a ƙarshen 2007 jim kaɗan bayan kama tsohon gwamna James Ibori, an sallami Farida Waziri a 2011, an dakatar da Ibrahim Magu a 2020, an dakatar da Abdulrasheed Bawa a 2023. A Kano an dakatar da Muhuyi Magaji Rimingado daga shugabancin hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da rashawa a 2021, gwamnatin da ta zo a 2023 ta mayar da shi. A Gana, Martin Amidu ya ajiye muƙamin mai gabatar da ƙara na musamman a watan Nuwamba na 2020 yana zargin katsalandan daga fada. Amurka ma ta ɗanɗana, lokacin da korar lauyoyin gwamnatin tarayya tara a 2006 ta kai ga murabus ɗin ministan shari'a Alberto Gonzales a 2007.

Faransa kanta, uwar tsarin, kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta gaya mata a 2010 cewa mai gabatar da ƙararta ba shi da 'yancin da za a kira shi hukumar shari'a, a 2013 kuma ta yi dokar hana minista ba da umarni a kan fayil ɗin wani mutum takamaimai. Kenya ta bi wata hanya a tsarin mulkinta na 2010, ta ba daraktan gabatar da ƙara wa'adi ɗaya na shekara takwas, ba a sauke shi sai wani kwamiti na musamman ya bincika.

Inda abin ya taɓa Zango

Wani zai ce wannan faɗan manya ne, ina ruwan mai sayar da goro? Ruwansa kuwa babba ne. Mutumin Zango, ko a nan aka haifi kakansa, sana'arsa a kan iyaka take: kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa su nufi Malanville da Gaya, motoci da shinkafar da ke bin hanyar Nijeriya, canjin naira da sefa, dabbobin da ke gangarowa daga arewa. Waɗannan harkoki su ne doka ta zamani ke sa wa ido da sunan halatta kuɗin haram, ko fasa-ƙwauri, ko tallafa wa 'yan ta'adda, musamman tun da hare-hare suka soma addabar yankunan Pendjari da gandun W. Tsakanin kuskuren takarda da babban laifi, sau da yawa alƙalamin mai gabatar da ƙara ne ke rabewa.

Kuma an ga yadda siyasar ƙasashe ke shigowa zauren kotu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da rufe gadar Malanville, a watan Yunin 2024 aka kama 'yan Nijar biyar a tashar bututun mai ta Sèmè, mai gabatar da ƙara na CRIET ya ce sun shiga da shaidar bogi, hukumomin Yamai suka ce garkuwa aka yi da ma'aikatansu, kotu ta yanke wa uku ɗaurin wata 18 na jeka-ka-gyara-halinka aka sake su. Ko hukuncin daidai ne ko ba daidai ba, a Nijar kusan babu wanda ya karɓe shi a matsayin aikin shari'a tsantsa, domin an san inda naɗin mai ƙarar ya fito. Wannan rashin yarda fatake ne suka biya kuɗinsa, da kayansu da suka yi watanni a kan hanya.

Shi ya sa har gobe mutumin Zango ya fi son a kashe rigimarsa a gaban liman ko sarkin unguwa ko dattawan sana'arsa. Sulhu alheri ne, amma sulhun da tsoron kotu ya haifar yakan tilasta wa mai rauni ya yafe haƙƙin da bai yi niyyar yafewa ba.

Gyaran da ake nema bai fi ƙarfin majalisar dokokin da ke Porto-Novo ba. A ba mai gabatar da ƙara wa'adi sananne wanda ba a yanke shi sai da dalili rubutacce, a ba shi damar ya kare kansa a gaban majalisar da shugaban ƙasa da ministocinsa ba sa zama a cikinta, a kuma buga hukuncin kowa ya karanta. In minista yana da umarni a kan wani fayil, ya rubuta ya sa hannu a ajiye a cikin fayil ɗin, lauyan wanda ake tuhuma ya gani. Muna kira ga 'yan majalisa na kowace jam'iyya, musamman waɗanda ke gefen gwamnati a yau, su tuna cewa Talon ya kasance wanda ake tuhuma a 2012, Madougou ta kasance ministar shari'a kafin ta zama fursuna, su yi wannan doka tun suna da ikon yin ta.